Tambayoyi da amsoshi kan buga ribit a fiffiken jirgin sama na haɗin gida

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa daga bakin masu haɗa ƙaramin jirgin sama na alminiyum a gareji, da masu shirin farawa. Yawancin misalan daga jiragen RV na kamfanin Van's ne, domin su aka fi haɗawa a duniya, amma ƙa'idojin sun shafi kowane fiffike na falle da ribit, wato 'yar ƙusar alminiyum mai kai da ake zurawa a rami a baje wutsiyarta don ta riƙe fallaye. Ma'aunin duk da inci yake, tunda kayan daga Amurka suke zuwa. Inci 1 daidai yake da milimita 25.4.

Wai da gaske mutum na iya haɗa jirgi a gidansa, hukuma ta bar shi ya tashi?

Ƙwarai kuwa. A Amurka hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA, tana yi wa irin waɗannan jirage rajista a rukunin jiragen gwaji, bisa sharaɗin cewa masu shi ne suka yi fiye da rabin aikin da hannunsu, don koyo ko don sha'awa. Shi ake kira dokar kashi 51. Ƙungiyar EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, ita ce uwar masu wannan sana'a, kuma taronta na Oshkosh a jihar Wiskonsin kowace shekara yakan tara dubban jirage. A Ingila ƙungiyar LAA ce ke turo sufeto ya duba aikin mataki-mataki.

Kamfanin Van's, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a 1972 a jihar Oregon, yana sayar da sassan jirgi a yanke, a lanƙwashe, da ramukansu, sai mai saye ya haɗa. Sama da 10,000 daga cikinsu sun riga sun tashi. Ko a Najeriya an taɓa wannan aikin: jirgin Air Beetle da sojin sama suka yi amfani da shi wajen koyar da matuƙa, daga samfurin RV-6A aka samo shi, kuma a Kaduna aka haɗa guda 60. Wanda ke son yin irinsa a Najeriya yau, ya fara zuwa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ya ji sharuɗɗanta kafin ya kashe ko kwabo.

Me ya sa sai ribit? Walda ba ta fi sauri da ƙarfi ba?

Fallen da ake rufe fiffiken RV da shi alminiyum ne samfurin 2024-T3, wanda aka gauraya da jan ƙarfe aka kuma gasa shi a masana'anta don ya yi ƙarfi. Zafin walda yana warware wannan gashin, wurin ya yi laushi, sau da yawa ma ya tsage tun yana hucewa. Ga kuma siranta: kaurinsa inci 0.025 ne zuwa 0.032, wato bai kai milimita 1 ba.

Ribit kuwa a sanyi ake buga shi. Idan ya sha bugu, jikinsa yakan kumbura ya cike ramin dam, ya hana fallayen biyu zamewa a kan juna. Nauyin da fiffike ke ɗauka ya rarrabu a kan dubban ribit, kowanne na ɗaukar ɗan kaɗan. Jirgin RV guda yana cin sama da 10,000.

Yaya ake karanta lambobin ribit, irin su AN426AD3-3.5?

Kashi huɗu ne. AN426 yana nufin ribit mai lafaffen kai, wanda ke nutsewa ya yi daidai da falle, kusurwar kansa digiri 100. Ɗan'uwansa AN470 shi ne mai tudun kai, ana amfani da shi a ciki inda iska ba ta bi. AD kuma nau'in ƙarfen ne, alminiyum 2117, kuma ana gane shi da ɗan ɗigon rami a tsakiyar kai. Lamba ta farko bayan haruffan ita ce kauri, ana ƙirga ta da kashi 32 na inci: 3 na nufin 3/32, 4 na nufin 1/8. Lamba ta ƙarshe tsawo ce, da kashi 16 na inci.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, a AN426 tsawon ya haɗa da kan, a AN470 kuwa daga ƙarƙashin kai ake aunawa. Sannan a kiyayi ribit mai harafin A shi kaɗai, wanda ba shi da wata alama a kai: alminiyum ne zalla mai laushi, ba ya ɗaukar nauyi. Akwai kuma DD, mai gajerun layuka biyu a kai, wanda sai an adana shi a firiza bayan an gasa shi. Mai haɗin gida ba shi da hulɗa da wannan. Kusan duk aikinsa da AD3 da AD4 ne.

Zan iya amfani da ribit ɗin ja, irin na masu haɗa tagogin alminiyum?

Na kasuwa dai a'a, ko kusa. Ba a san irin ƙarfensa ba, kuma tsinken cikinsa yakan faɗo ya bar shi holoƙo. Amma akwai ribit ɗin ja na jirgi, kuma akwai jiragen da tun daga zane aka tsara su a kansa: na kamfanin Zenith, da Sonex, da RV-12. Mutum ɗaya na iya haɗa su shi kaɗai, ba hayaniya, ba neman mai tokarewa. Mai zanen ya riga ya lissafa ƙarfinsu ya ƙara yawansu ko kaurinsu.

A jirgin da aka zana don ribit ɗin bugu, ba a sa na ja sai inda zanen ya ce, ko inda kamfanin ya ba da izini. Idan wuri ya gagari hannu, akwai irin su CherryMAX masu kulle tsinkensu a ciki, sai dai suna da tsada kuma cire su wahala ne.

Waɗanne kayan aiki ne ba makawa sai da su?

Injin matse iska, babban yayan na masu faci, mai tanki da na'urar daidaita ƙarfin iska. Bindigar ribit mai aiki da iska, mai girman 2X ko 3X. 3X ta fi dacewa da wanda zai sayi guda ɗaya tak, don tana iya AD3 da AD4 duka. Kada a ɗauko gudumar iska ta kanikawa a ce ai duk ɗaya ne: waccan bugunta ya yi sauri kuma kunamarta ba ta barin a fara a hankali. Sai bakunan bindiga, faffaɗa mai santsi don lafaffen kai, da mai kwarmi don mai tudu, kowane kauri da nasa. Sai ƙarfen tokara, wanda shi ne maƙerar da wutsiyar ribit ke dakuwa a kai. Na tangistan ƙarami ne kamar akwatin ashana amma nauyinsa ya ninka na baƙin ƙarfe fiye da sau biyu, kuma duk wanda ya gwada shi ba ya komawa.

Sauran su ne injin huji, matsewar hannu ko ta iska (na'urar da ke matse ribit maimakon bugu), kayan lotsa gurbi, kejin yanka gurbi, filayar miƙe haƙarƙari (ƙarafan da ke jere a cikin fiffike suna ba shi siffa), ma'aunin kan ribit, da kiliko. Kiliko shi ne ɗan maƙalin wucin gadi da ke riƙe fallaye kafin a buga ribit, kuma launinsa ke nuna girmansa: mai ruwan azurfa na 3/32 ne, mai ruwan jan ƙarfe na 1/8, baƙi na 5/32. Fiffike na cin ɗaruruwan masu ruwan azurfa. Duk adadin da ka saya, wata rana sai ka ga sun kasa.

Wane girman rami, kuma nawa za a bari daga baki?

Bakin huji mai lamba 40 don AD3, mai lamba 30 don AD4. Sun ɗara jikin ribit da ɗan kaɗan, yadda zai shiga da yatsa ba da guduma ba. Ramin ya zama zagayayye kuma a miƙe. Idan injin ya karkata, ribit ɗin ma zai kwanta.

Daga tsakiyar rami zuwa bakin falle kada ya gaza ninki biyu na kaurin ribit: inci 3/16 ga AD3, inci 1/4 ga AD4. Ga lafaffen kai an fi son ninki biyu da rabi. Tsakanin ribit da ribit kuma kada ya gaza ninki uku. A sassan da suka zo da ramukansu kamfani ya riga ya yi wannan lissafi, sai dai akwai 'yan wuraren da kai za ka huda da kanka, kamar inda azarar baya (azara ita ce dogon ƙarfen da ke bin tsawon fiffike a ciki) ke haɗuwa da gangar jirgi. Nan ne kuskuren tazara ke da haɗari na gaske, don haka a auna, a sake aunawa, a kira wani ya duba, sannan a huda.

Dole ne a kankare bakin kowane rami?

Dole ne, gaba da baya. Huji yakan bar 'yar ƙayar ƙarfe a baki, wadda ke hana fallaye haɗuwa sosai, kuma daga nan tsaga ke farawa idan an zo lotsawa. Juyi ɗaya ko biyu da abin kankara, da hannu mara nauyi, ya isa. Masu ɗoki sukan wuce gona da iri su ƙwaƙule bakin har ramin ya faɗaɗa, wannan ma ɓarna ce. Ka shafa da yatsa: idan bai kama fatarka ba, ya yi.

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne gundura a haɗin jirgi, kuma a ganina shi ke raba fiffike mai kyau da wanda za a yi ta faci. Wanda ke shakka ya tuna abin da ya faru a 2023, lokacin da Van's ya sanar cewa wasu sassan da aka yanka da hasken lesa suna tsagewa a bakin rami idan an lotsa su, saboda zafin yankan ya taɓa ƙarfen wurin. Masu haɗi da yawa sai da suka warware aikin da suka riga suka gama. Gefen falle da gefen haƙarƙari su ma a bi su da magagari har su yi sumul.

Yaushe ake lotsa gurbi, yaushe ake yanka shi?

Lafaffen kai yana buƙatar gurbin da zai zauna. Zurfin kan AD3 ya kai kusan inci 0.036, to idan ka ce za ka yanka gurbinsa a fallen 0.025 ko 0.032, sai ka cinye kaurin duka, bakin ramin ya zama kamar wuƙa, ba abin da zai riƙe ribit. Shi ya sa siraran fallaye lotsa su ake yi tsakanin ƙarafa biyu, namiji da mace. Gurbin falle ya zauna cikin gurbin haƙarƙari kamar ƙwarya cikin ƙwarya, wannan ma ƙarin ƙarfi ne. Ƙarfe mai kauri, daga 0.040 zuwa sama ga AD3, kamar leɓen babbar azara, shi ake yankawa da keji.

Gurbin lotsawa mai kyau yana da kaifin baki, kuma fallen da ke kewaye da shi a shimfiɗe yake. Ka ɗaga fallen ka kalli hasken fitila a jikinsa: idan hasken ya lanƙwashe kewaye da ramin, bugun bai isa ba. A wajen yanka kuwa, a saita kejin a kan tarkacen ƙarfe tukuna, ana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan. Idan fallen da aka lotsa ne zai zauna a ciki, akan ƙara zurfin da ɗan kaɗan fiye da na kan ribit, kuma a gwada da guntun falle mai gurbi. Abin da aka yanke ba ya komawa.

Kuskuren da kusan kowa ya taɓa yi: namijin ƙarfen ya kauce daga rami, ka buga, ka huda sabon rami kusa da na asali. Kada ka ɓoye shi. Ka aika wa kamfani hoto su faɗa maka gyaran.

Ta yaya zan san tsawon ribit ya yi, da kuma cewa ya bugu daidai?

Kafin bugu, wutsiyar da ta leƙo ta baya ta kai ninki ɗaya da rabi na kaurin ribit. Misali, fallaye biyu masu 0.063 kowanne sun zama 0.126, ƙara 0.188 na wutsiyar AD4, ka sami 0.314, wato kusan 5/16. Ribit ɗinka AN470AD4-5 ke nan. Zane yakan faɗi tsawon, amma fenti ko danƙo a tsakani na iya sa ka ƙara rabin lamba. Wanda ya yi tsawo yakan kwanta gefe kamar ƙusar da ta lanƙwashe, gajere kuma ba ya ba da isasshen kai.

Bayan bugu, sabon kan da ya fito, wanda za mu kira kan bugu, faɗinsa ya zama ninki ɗaya da rabi, tsayinsa rabin kaurin ribit. Ƙa'idar sojin Amurka da masu haɗi ke bi ta ba da sarari: ga AD3, faɗi kada ya gaza 0.122, tsayi tsakanin 0.038 da 0.050, ga AD4, faɗi 0.163, tsayi 0.050 zuwa 0.070. Akwai ɗan ma'auni mai rami a gefe ɗaya da tsaga a ɗaya gefen. Yi amfani da shi a ɗaruruwan farko har idonka da yatsanka su saba.

Yaya mutum biyu ke buga ribit da bindiga ba tare da sun lotsa falle ba?

Fara da iska. Da bindiga 3X, wajen psi 40 (psi ma'aunin ƙarfin iska ne) yakan ishi AD3, AD4 kuma 50 zuwa 60. Gwada a kan katako tukuna: ya kamata ta lotsa shi ba tare da ta farfasa shi ba. Kada a taɓa danna kunama bakin bindiga ba ya jingine da komai.

Mai bindiga yana waje, ya ɗora bakin a kan ribit a miƙe, ya riƙe shi da yatsun ɗaya hannun don kada ya yi yawo, ya danna da ƙarfin kafaɗa. Mai tokara yana ciki, ya ɗora fuskar ƙarfen a kan wutsiya, shi ma a miƙe, da matsi mara yawa. Dole turin mai bindiga ya fi nasa, in ba haka ba zai turo ribit waje, kan ya zauna a tsaye sama da falle. Nauyin ƙarfen ne ke aiki, hannu jagora kawai yake yi. Bugun ya zama gajere, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, a fara a hankali a ƙara. Ribit yana taurara da kowane duka, saboda haka wanda aka yi ta ƙwanƙwasa da raunin iska yakan ƙi bajewa, wani lokaci ma ya tsage. A saki kunama kafin a ɗaga bindiga.

Ba ku ganin juna, kuma kunnuwanku a toshe suke, don haka ku yanke kalmominku tun farko kada ku canza. Ni da ƙanena guda huɗu muke amfani da su: "na tokare", "buga", "ƙara kaɗan", "ya yi". Ranar da muka lotsa fallen sama, cewa ya yi "tsaya" yana gyara riƙo, ni kuma na ji kamar "buga". Bindiga ta daki falle ba komai a bayansa, ta bar kwarmi kamar na babban yatsa kusa da haƙarƙari na huɗu. Tun daga ranar, idan bai ce "na tokare" ba, yatsana ba ya zuwa kusa da kunama. A naɗe gefunan ƙarfen tokara da salatif don kada ya karce haƙarƙari, a kuma shimfiɗa tsumma a ƙasa, domin idan ya suɓuce a cikin fiffike, inda ya faɗa sai ya bar shaida.

Matsewa ta fi bindiga? Mene ne kuma bugun baya?

Duk inda bakin matsewa ya kai, yi amfani da ita. Da zarar an saita tazarar, kowane ribit fitowa yake kamar ɗan'uwansa, ba ƙara, ba haɗarin lotsawa. Iyakarta ita ce zurfin bakin, inci 3 ko 4 daga gefe. Ta iska ba ta san yatsa ba, a kula.

Bugun baya shi ne a jera ribit a ramuka, a manne kawunansu da salatif, a kifa fallen a kan faffaɗan farantin ƙarfe mai santsi, a buga wutsiyar kai tsaye. Shi ke ba da fuska mafi kyau, kuma da shi ake haɗa ƙananan sandunan ƙarfafa fallen filafilan juya jirgi, wato sassan fiffike da wutsiya masu motsi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kafin kowane bugu ka tabbata ribit ɗin yana kan farantin. Wanda ya zarce gefen faranti ya buga, ya ɓata falle.

Da wane tsari ake bin fiffiken?

A samfuran RV na yanzu babbar azara tana zuwa a haɗe daga masana'anta. Naka shi ne yanka gurabe a leɓenta da ɗaura 'yan noti masu kunne. Sai haƙarƙari: kowanne yakan zo a ɗan bauɗe, sai an bi leɓensa da filayar miƙewa tsakanin ramuka har ya kwanta a tebur ba ya rawa, leɓen kuma ya tsaya digiri 90. Sannan a haɗa su da azarar gaba da ta baya, a rataye ƙwarangwal ɗin a kan madogari, gaba na kallon sama.

Kafin ribit na farko ya shiga falle, a cire murɗiya. A daidaita babbar azara da ma'aunin ruwa, a tokare tsakiyarta don kada ta yi ciki, a saki zare mai dalma irin na magina daga gindi da kuma ƙarshen fiffike. Tazarar zaren daga azarar baya ta zama ɗaya a wuraren biyu. Da zarar an rufe falle, duk murɗiyar da ke ciki ta zauna ke nan, jirgin kuma zai riƙa rinjaya gefe guda a sama. Ana sa kiliko a rami ɗaya a tsallake ɗaya, a fara bugu daga tsakiyar falle a nufi gefuna don kada ya tattare. Fallen sama ake fara rufewa, lokacin da hannu ke kaiwa ko'ina, na ƙasa ya zo ƙarshe (duba tambayar rufe fallen ƙasa).

Wane ribit ne ya lalace har sai an cire shi?

A cire wanda kan bugunsa ya tsage, da wanda ya kwanta gefe har ana hango bakin ramin, da wanda ya baje ya zama kamar kwabo ƙasa da tsayin da aka faɗa a sama, da wanda ya kumbura tsakanin fallaye biyu ya raba su. Lafaffen kan da ya tsaya sama har farce na kama shi sosai, shi ma a sake. Wanda bai gama buguwa ba, ƙara masa kaɗan kawai.

Sauran fa? Akwai tabon da bakin bindiga ke bari a kan mai tudu idan ya zame, kamar jinjirin wata, masu haɗi na ce masa murmushi. Idan a kan ribit ɗin kaɗai yake kuma ba zurfi, a bar shi. Idan ya yanki fallen, sai a goge wurin ya yi sumul a nemi shawara. Kan bugun da ya ɗan karkace amma ya rufe rami kuma ya cika ma'auni, lafiyarsa ƙalau. Sabon mai haɗi yakan so kowane ribit ya zama na hoto, sai ya yi ta cirewa, garin neman gira ya rasa ido. Ramin da ya faɗaɗa wajen cirewa ya fi mummunan kai illa nesa ba kusa ba.

To idan dole ne, yaya ake cire shi?

Daga kan asali ake farawa. Ɗigon nan na tsakiyar AD shi ne jagora. A ɗan zurfafa shi da tsinken alama, a ɗora bakin huji daidai girman ramin ko ƙasa da shi kaɗan, a juya da hannu sau biyu don ya kama. A huda zurfin kan kawai, kada a zarce. A sa gindin bakin huji ko tsinken turawa a ramin, a karya kan gefe, zai ɓalle. Sannan a tokare bayan fallen da wani ƙarfe mai rami, a tura sauran jikin waje, ko a murɗe shi da filaya ta baya. Wanda ya tura ba tokara zai lanƙwashe leɓen haƙarƙari.

Idan ramin ya faɗaɗa, akwai ribit NAS1097 mai jikin 1/8 da ƙaramin kai daidai gurbin AD3. Sai a buɗe ramin da lamba 30 a sa shi, daga waje ba mai ganewa. Na ɗaiɗaiku ne, ba a jera su a layi ba, domin ƙaramin kai ba ya riƙo kamar cikakke. A babbar azara kuwa kada ka yanke hukunci kai kaɗai.

Me ya sa kowa ke kuka da tankin mai?

Saboda a RV tankin shi ne gaban fiffiken kansa, ba wata jarka a ciki. Na RV-7 kowanne yana ɗaukar galan 21, kusan lita 79, kuma kowane ribit a jikinsa ƙofar yoyo ce. Ana shafa baƙin danƙo mai haɗi biyu, wanda aka fi sani da Pro-Seal, ana auna shi a sikeli kashi 10 da 1. A goge wurin haɗi ya yi kaushi, a wanke da asiton har tsumma ya fito fari, a shafa danƙo a leɓen haƙarƙari, a ɗiga a kowane gurbi, a buga, sannan a lulluɓe kowane kan bugu. Samfurin B-2 yana ba da kamar sa'a biyu na aiki, zafi kuma yana rage wannan lokaci, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan. Yana kama komai: bindiga, kiliko, gemu. Safar hannu biyu-biyu ake sawa.

Bangon baya na tanki, wanda ake rufewa a ƙarshe ba a ganin cikinsa, shi ya fi yawan yoyo. Bayan danƙon ya bushe sosai, a toshe ƙofofi, a ɗaura balan-balan a bututun numfashi, a hura iska kaɗan da famfon keke, a bi kowane layi da ruwan sabulu. Kada iskar ta wuce psi 1. Wanda ya haɗa tanki da injin iska kai tsaye zai kumbura shi ya lalata aikin wata guda.

Sai an yi fentin kariya a ciki?

Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a tsakanin masu haɗi. Fallen alminiyum samfurin 2024 yana zuwa da siririn rufin alminiyum zalla da ke kare shi daga ci. Sassan da ba su da wannan rufi, da duk baƙin ƙarfe, dole a fente su. Sauran ya danganta da inda jirgin zai zauna: bakin teku da gishirinsa daban, busasshiyar ƙasa daban. Fenti nauyi ne, kuma lokaci ne. Ni dai ina fesa wuraren da ƙarfe ke kwanciya kan ƙarfe, in bar sauran.

Abin da ba gardama a kansa: kada a yi alama a alminiyum da fensir, domin baƙinsa na jawo ci, kada kuma a karce layi da tsinke. Alƙalamin maka mai siririn baki ya isa.

Yaya ake rufe fallen ƙasa, tunda hannu ba ya shiga?

Kafin komai, a gama duk abin da ke ciki: wayoyin fitila, bututun ma'aunin gudu, sandunan juya filafilai. A share ɓarɓashi, a ƙirga kayan aiki. Wannan ne kuma lokacin kiran gogaggen mai dubawa. EAA tana da masu ba da shawara na sa kai da ke zuwa su leƙa aiki kyauta, kuma littafin FAA mai lamba AC 43.13-1B shi ne abin da za su auna ka da shi.

Ana farawa daga azarar baya, a ɗaga sauran fallen a hankali ba tare da an karya shi ba, mai tokara ya zura hannu ta ƙarƙashi, a bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya ana rufowa. Inda fallen ya ƙi ɗaguwa, sai ta ramukan haƙarƙari da ƙofofin dubawa. A nan ba ido, yatsa ne ke duba kan bugu, daga baya a bi da madubi da tocila. Wajen gindin fiffike, inda ake takawa a hau jirgi, haƙarƙarin sun matsu da juna ƙwarai. Mai siririn hannu a gidan ya zama abin lallashi a ranar.

Akwai haɗari ga lafiya?

Ƙarar bindiga a kan falle tana kashe ji a hankali, kuma wanda kansa ke kusa da cikin fiffike ya fi shan ta. Abin toshe kunne ga ku biyun, da tabarau lokacin huji. Girgizar ƙarfen tokara tana sa yatsu su yi sanyi su mutu, don haka a sa safar hannu mai kauri a riƙa hutawa. Asiton da fentin kariya kuma a buɗaɗɗen wuri, da abin rufe hanci na sinadari.

Na ga baƙin layi yana fita daga wani ribit a jirgin da ke tashi. Mene ne?

Alama ce ta ribit ya saki. Yana motsi a raminsa, gogayyar tana niƙa alminiyum ta zama baƙin gari, iska kuma ta ja shi baya kamar hayaƙi. Yawanci asalinsa rami ne da ya yi faɗi, ko gurbin da aka yanka ya zarce, ko ribit da bai bugu sosai ba tun farko. Ƙara masa bugu ba ya magani. A cire shi yadda aka bayyana a sama, a duba ramin da gilashin ƙara girma ko akwai tsaga, a sa wanda ya fi shi kauri idan tazarar baki ta bari. Idan guda uku ko huɗu ne a jere, musamman kusa da azara ko gindin fiffike, a ajiye jirgin a ƙasa har sai kamfanin da ya zana shi ya ga hotunan.